Masar Masara: Yis ko Kwanan Ƙullu?

 Yau gaisuwata ta musamman ga matan Wurno da Rabah da Goronyo, musamman masu tuyar masa a cikin gida, yara na kaiwa ƙofa.

Gardama ce ake yi a gidaje da yawa. Tsohuwa ta ce masar da aka sa wa yis ba masa ba ce, burodi ne. Amarya ta ce wa zai zauna jiran ƙullu har gobe?

To, ita masarar ma baƙuwa ce, asalinta ƙasar Meksiko, can nahiyar Amurka. Gero da dawa muka gada. Shinkafa kuwa akwai ta a fadamun Rima tun da can, noman rani ya ƙara yawaita ta bayan an gama madatsar ruwa ta Goronyo a 1984. Injin markaɗe ya karɓi aikin dutsen niƙa, ba wadda ta yi kuka.

Amma a maganar kwanan ƙullu, gaskiya ina bayan tsohuwa. Yis kumburi yake sawa. Wannan ɗan tsami-tsamin mai ƙamshi, wanda ke sa mai saye ya aiko yaro gidanki ya wuce gidaje uku, daga kwana yake fitowa. Ƙullun da aka kwaɓa da hantsi aka toya da azahar zai tashi fam, amma salam za ki ji shi a baki, in ya huce kuma sai tauri. Masara ba ta da danƙo. Shi ya sa iyayenmu ke ɗibar kaɗan su yi talge, ya huce, su juye cikin ƙullun kafin ya kwana. Kada ki tsallake wannan, ko buhun yis gare ki.

Ina yis yake da rana? Cikin hunturu, lokacin da ƙullu ke kwana ya wayi gari kamar ba a taɓa shi ba. Ki sa ɗan kaɗan tun da dare, ki rufe, ki aje kusa da murhu. Da bazara kuwa, zafinmu na Sakkwato ya isa, har tsamin kan yi yawa. Sai ki tsiyaya ruwan kanwa kaɗan da safe. In ta zarce, masar ta yi ja, ta yi gafi, kin yi asarar mai da itace da cinikin ranar.

Tanda kuwa, ta ƙasa ce ko ta ƙarfe, ki bari ta yi zafi sosai kafin ludayin farko.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.