A Riƙe Ƙasar Dutse Kafin Ruwa Shi Tafi Da Ita

Jawabi don cibiyoyin yaƙi da jahilci na Madawa da Buza da Keita

 

Maganar yau a kan ƙasar dutse ce, wato ƙasar da ke kwance a jikin duwatsun Adar. Kowa ya san ta. Ita makiyayi ke takawa in ya hau da awaki. Ita mata ke bi in sun tafi icce. Amma ba kowa ke tuna cewa albarkar fadama tana rataye da ita ba.

Yadda ƙasar take

Wanda ya tashi daga Madawa ya nufi Buza ko Keita zai ga ƙasa hawa huɗu. Can bisa akwai fako, shimfiɗaɗɗen bayan dutse mai marmara. Ƙarƙashinsa akwai gangaren dutse. Sai gonakin gindin dutse. Sai fadama, inda ake dawa da albasa.

Ƙasar gangare ba ta da zurfi. In mutum ya sa diga, taƙi ɗaya ko biyu sai ya tarar da dutse. Tsakuwa ta fi ƙasa yawa a cikinta, shi ya sa ba ta riƙe ruwa. Abin da ke rayar da ita shi ne icce: geza da sabara da anza da ƙaya. Ganyensu yana faɗuwa ya ruɓe ya zama taki. Saiwarsu tana shiga tsagin dutse ta ɗaure ƙasa.

A wasu wurare, kamar Habasha ko Bagazam ta Abzin, akwai duwatsun da wuta ta amayo daga cikin ƙasa. Na Adar ba haka suke ba. Masana sun gano cewa a zamanin da can, teku ne ya rufe wurin. Shi ya sa yara ke tsintar bawon halittun ruwa da ya zama dutse. Irin wannan farin dutse ne ake yin siminti da shi a Malbaza. Amma ko wane irin dutse ne, matsalar ɗaya ce. Ƙasa mai kaurin yatsa tana ɗaukar ɗaruruwan shekaru kafin ta taru, ruwan dare guda kuwa yana iya kwashe ta.

Lissafin ruwa

Ga lissafi don masu karatu. Eka ita ce fili mai tsawon mita 100 da faɗin mita 100. In aka yi ruwa milimita 20, lita dubu 200 ke zuba bisa eka guda. Tano ɗaya yana cin lita 200. Ke nan tano 1000 ne.

In akwai icce da ciyawa a gangare, ruwan yana tafiya sannu, ƙasa tana sha. In gangaren tsirara ne, mafi yawansa yana gangarowa da gudu, ɗauke da ƙasa da tsakuwa. Yana tsaga gonar gindin dutse. Ƙorama tana faɗaɗa, tana cin gona. Rairayi yana binne shukar fadama. Mutanen Ibohaman sun ga yadda laka ta riƙa cike madatsar ruwansu. Wanda ya sare icce bisa dutse bai yi niyyar cutar kowa ba, amma mai fadama ne ke biya.

Abin da ya faru, da abin da aka yi

Dattawa suna tuna lokacin da duwatsun nan ke rufe da kurmi. Mutane suka ƙaru, bisashe suka ƙaru, aka faɗaɗa gonaki. Sai ga farin 1973, sai ga na 1984. Itatuwa suka mutu, gangare ya zama tsakuwa zalla, maza da yawa suka tafi ci-rani.

A shekarar 1975 aka fara dasa layukan dogon yaro a kwarin Majiya, cikin ƙasar Buza, don tare iska. A watan Mayu na 1984 aka yi babban taro a Maraɗi kan yaƙi da hamada. Cikin wannan shekara furojen Keita ya fara aiki, da kuɗin ƙasar Italiya da taimakon hukumar FAO. Hukumar PAM tana ba ma'aikata cimaka. Mata ne suka fi yawa a wurin aikin. Su suka hau dutse da diga da felu, su suka ɗauki duwatsu a ka. Daga 1984 zuwa 2002 an dasa itatuwa wajen miliyan 18, an farfaɗo da ƙasa fiye da eka dubu 30.

Ko wace ƙasa da maganinta

Darasin Keita shi ne, daga bisa ake tare ruwa. Wanda ya fara daga fadama ya makara.

A gangare ana gina rami mai tsawon mita 3, faɗi da zurfi wajen santimita 60. Ana gicciye shi a gaban ruwa. Ƙasa da duwatsun da aka fidda ana jera su ta gefen ƙasa. Ramukan layi na biyu suna tsare tsakanin na layin farko, don ruwan da ya kuɓuce wa wannan ya faɗa wancan. Rami ɗaya yana riƙe wajen tano 5. A cikinsa ake dasa icce mai jure fari, kamar dakwara ko farar ƙaya.

A fako da gonakin gindin dutse ana yin gandari, wato jeren duwatsu, wanda kakanni suka sani tun da daɗewa. Ana yin rabin wata. Ana yin tassa a zuba taki, kamar yadda manoman Illela suka ƙware bayan sun ziyarci Yatenga ta Burkina Faso a 1989. A cikin ƙorama kuwa ana gina shingen duwatsu don rage gudun ruwa.

Abin da ya rage ga mutanen yau

Itatuwan da iyaye mata suka dasa sun girma. Amma ƙasar da ke ƙarƙashinsu har yanzu siririya ce. In gatari ya koma mata, cikin ƴan damanu kaɗan za ta tafi. Saboda haka:

1. Kada a tumɓuke icce daga saiwa. A sari reshe, a bar uwa.
2. A hana bisashe shiga sabon dashe har ya fi ƙarfin akuya.
3. Kada a sa wuta a gangare, kada a mai da shi gona.
4. Kafin damana a yashe ramukan da suka cike, a gyara gandarin da ya rushe.
5. A yi sassaben zamani a gona, don a samu iccen wuta kusa da gida.

Wannan ba aikin mutum ɗaya ba ne. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Mai gari da manoma da makiyaya da mata su zauna su sa doka: ina za a yi kiwo bana, ina za a bari ya huta, wa zai tsare. Mai fadama ma ya hau dutse ranar gayya, don gonarsa yake karewa. Wanda ke son shawara ya nemi ma'aikacin gandun daji ko malamin gona.

Tambayoyi don tattaunawa

Waɗanne itatuwa ne suka ɓace daga dutsen garinku? Taki nawa ƙorama ta ci daga gonaki cikin shekara 10? Tano nawa rami 20 ke riƙewa? Kowa ya rubuta amsa a littafinsa.

Allah shi ba da damana mai albarka. Amin.