Wa Ya Isa Ya Ba Da Shaida?

  Yau maganarmu a kan shaida ce.

Wanda ya san Njamena ya san Lamaji, inda babbar maƙabarta ta ke. Kowane mamaci da a ka kai can, danginsa sun raka shi, sun ga inda a ka sa shi. Amma a bayan garin akwai wani fili, sunansa Hamral Goz. Can a ka binne fursunoni a zamanin Hissen Habre, wanda ya mallaki Cadi daga 1982 zuwa 1990. Ba dangi, ba suna. Matacce ba ya magana. To, wa zai yi magana dominsa gaban alƙali? Sai mai shaida.

Abokina, alƙali ya kan yi tambaya biyu. Ta fari, mutumin nan ya isa ya ba da shaida? Ta biyu, maganarsa za ta tsaya in an gwada ta?

Ga ta fari. A shari'ar Malikiyya, wadda alƙalan ƙasar Hausa su ke bi tun da, mai shaida sai baligi, mai hankali, adali. Uba ba ya yi wa ɗansa shaida. Maƙiyi ba ya ba da shaida a kan maƙiyinsa. Abokin tarayya ba ya yi wa abokinsa shaida cikin dukiyar da su ka haɗa. Don me? Gama zuciya ta kan karkata wajen ƙauna, da ƙiyayya, da riba. Dokar shaida ta Nijeriya ta 2011 ta buɗe ƙofa fiye da haka. Kowa ya isa, sai wanda ƙuruciya, ko tsufa, ko ciwo ya hana shi gane tambaya. Yaron da bai kai shekara 14 ba a kan ji shi ba tare da rantsuwa ba, amma ba a hukunta mutum da maganarsa kaɗai. Attaurar Musa kuwa ba ta yarda a kama mutum da laifi a bakin mutum ɗaya ba, sai biyu ko uku.

Ga ta biyu. Sa'ad da mai shaida ya gama, alƙali ya kan juya wurin wanda a ke ƙara, ya ce, "Kana da suka?" Dokar nan ta 2011 ta nuna hanya uku ta rushe shaida. A kawo waɗanda su ka san mutumin, su ce ba abin gaskatawa ba ne. Ko a nuna an ba shi toshiya. Ko a nuna abin da ya faɗa jiya dabam ne da na yau.

Yanzu ku ji yadda a ka gwada wannan. A ran 20 ga Yuli 2015 a ka fara shari'ar Habre a Dakar, ƙasar Senegal. Babban alƙalin, Gustab Kam, mutumin Burkina Faso ne. Habre ya ƙi magana. Duk da haka kotu ta naɗa masa lauya uku, domin kada a karɓi maganar kowa ba gwaji. Mutum 93 su ka ba da shaida, lauyoyin nan su na yi musu tambayoyi.

Cikinsu akwai Kileman Abaifuta. An kama shi a 1985, ya yi shekara huɗu a tsare, a ka sa shi aikin binne 'yan'uwansa fursunoni a Hamral Goz. Bai ce "an ce" ba. Ya faɗi abin da hannunsa ya ɗauka. Gani ya kori ji. Akwai kuma Banjim Bandum, wanda shi kansa ma'aikaci ne a hukumar 'yan sandan ciki ta Habre, wato DDS. Mai suka ya iya cewa na farin yana da ƙullaci, na biyun kuwa hannunsa ba tsabta. Me ya tsai da maganarsu? A 2001 an tarar da takardun DDS zube a tsohon ofishinsu a Njamena. A ciki akwai sunan mutum 1,208 da a ka kashe ko su ka mutu a tsare. Baki da takarda su ka haɗu. A ran 30 ga Mayu 2016 a ka yanke wa Habre ɗaurin rai da rai.

Ga abu ɗaya kuma. Wata mace ta shaida cewa Habre da kansa ya yi mata fyaɗe, kotun fari ta gaskata ta. A 2017 kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar da ɗaurin, amma ta cire wannan laifi ɗaya. Ba ta ce matar ta yi ƙarya ba. Dalilin shi ne, ba a rubuta laifin cikin takardar tuhuma tun fari ba. Kun gani? Ko wanda a ke tuhuma da kisan dubbai yana da hakkin ya san abin da zai amsa.

To, abokina, kai fa? Wataƙila ba za ka je Dakar ba. Amma gobe maƙwabcinka zai kira ka a kan bashin buhu goma, ko cinikin sa, ko iyakar fili. In za ka ba da bashi, kira shaidu waɗanda ba danginka ba ne, a rubuta, a sa kwanan wata. In an kira ka, faɗi abin da idonka ya gani, ka tsaya nan. Inda ba ka gani ba, ka ce ba ka gani ba. Kada ka karɓi ko goro ɗaya domin shaida. Ramin ƙarya ƙurarre ne, mai shaidar zur kuwa ya kan cuci mutum uku: marar laifi, da alƙali, da kansa. Mudun da ka ke awo da shi yau, shi ne mutane za su tuna ranar da a ka tambaye su ko kai adali ne.

Ku yi tunani a kan wannan. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.