Kaskon Wuta da Na'urar Sanyaya Ɗaki



A Amurka akwai gidajen da na'ura ɗaya ke ƙona gas ta ɗumama ɗaki da sanyi, ta kuma sanyaya shi da zafi. Mu a 'Yargoje da kewayen Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa, aikin nan rabe yake: kaskon garwashi a Disamba da Janairu, fanka ko na'urar sanyaya ɗaki a Afrilu, ga mai hali.

Kaskon ne ya fi damuna. Gawayi ko gas, muddin yana ci a ɗakin da aka toshe ƙofa da taga, yana fitar da iska mai guba wadda ba ta da launi, ba ta da wari. Ciwon kai ne farko, sai jiri, sai barcin da ba a tashi. Uwar gida, don Allah a fitar da kaskon kafin yara su kwanta. Harshen wutar gas kuma shuɗi ya kamata ya zama. In ya koma rawaya, a kashe, a nemi mai gyara.

Na'urar sanyaya kuwa, ƙurar hunturu ce maƙiyiyarta. A zare ragar tace ƙura da ke gabanta duk mako biyu, a wanke, a shanya a inuwa. In an ɗauke wuta aka dawo da ita, a dakata minti 3 kafin a kunna. Gas ɗinta ba ya ƙarewa haka kawai. In ya ragu, bututu ne ke yoyo, sai a liƙe shi kafin a sake ɗurawa.