Na'ura Ta Rubuta, Amma Kai Ka Sa Hannu: Jawabi Ga 'Yan Kasuwa Da 'Yan Kwangila Na Agege



Dattawan da ke cikinmu za su tuna zamanin da mai son aika takarda gida yakan je wurin marubucin wasiƙa, ya faɗi abin da ke ransa, shi kuwa ya rubuta. Mai hankali ba ya barin wurin sai an karanta masa abin da aka rubuta, domin ya san sunansa ne a ƙasan takardar, ba sunan marubuci ba. To, yau wani sabon marubuci ya shigo cikin wayoyinmu, watau abin da ake kira ƙirƙirarriyar basira. Tun da aka fito da ChatGPT a watan Nuwamba na 2022, jama'a da yawa sun koma gare shi da ire-irensa domin rubuta takardun neman tallafi da na neman kwangila.

Amfanin wannan na'ura ba ƙarami ba ne. Mai sayar da goro ko mahauci a Oko-Oba, wanda ya san sana'arsa ciki da bai amma Turanci ya yi masa nauyi, yana iya bayyana manufarsa, ta tsara masa ita daidai. Matashiyar da ke neman jarin dala 5,000 da Gidauniyar Tony Elumelu take bayarwa tun 2015, ko mai neman rance daga Asusun Samar da Aikin Yi na Jihar Legas da aka kafa a 2016, yanzu ba sai sun biya wani kuɗi mai yawa kafin a gyara musu rubutu ba.

Amma lalle ne mu fahimci yadda take aiki. An ciyar da ita da ɗimbin rubuce-rubuce, har ta gwanance wajen cankar kalmar da ta dace ta biyo bayan wata. Saboda haka inda ba ta sani ba sau da yawa ba ta yin shiru, sai ta cike gurbin da abin da ya yi kama da gaskiya. A 2023 wata kotu a birnin New York na Amurka ta ci wasu lauyoyi tarar dala 5,000, domin sun gabatar da shari'o'i 6 da na'ura ta ƙaga, ba a taɓa yin su ba. A 2025 kuma wani babban kamfani ya amince ya mayar wa gwamnatin Ostareliya wani kaso na kuɗin aiki, bayan an gano littattafan ƙarya a cikin rahotonsa. Idan haka ta sami masu digiri, ina ga wanda bai karanta takardarsa ba sam?

A nan gida doka ba ta bar kowa cikin duhu ba. Dokar Bayar da Kwangila ta 2007 ta tanadi cewa wanda ya yi amfani da takardun jabu za a ɗaure shi shekara 5 zuwa 10, ba zaɓin tara. Kamfani kuwa a hana shi aikin gwamnati aƙalla shekara 5, ya kuma biya kashi 25 cikin ɗari na darajar kwangilar. Idan na'ura ta rubuta cewa ka gina asibitoci uku alhali shago ɗaya ka taɓa ginawa, ka kuma sa hannu, alƙali ba zai kira waya ta ba da bahasi ba. Ramin ƙarya ƙurarre ne.

Don haka ga abubuwa huɗu da muke roƙon ku kiyaye.

Na farko, gaskiyar magana ta fito daga gare ka. Kai za ka faɗi shekarunka a sana'a, da yawan ma'aikatanka, da ayyukan da ka kammala. Aikin na'ura shi ne tsarawa da gyaran harshe kawai.

Na biyu, kada ka bar mata lissafi. Ba ta taka kasuwar Mile 12 da safen nan ba, ba ta kuma yi ciniki da direban da zai ɗauko kaya daga Kano ba. Wanda ya sa farashin da bai bincika ba, ko dai ya rasa aikin, ko ya samu ya kasa gamawa, bashi ya hau kansa.

Na uku, ka tsare asiri. Kada ka zuba lambar BVN, ko lambar katin ɗan ƙasa, ko sunayen marayu da zawarawan ƙungiyarku a cikinta. Dokar Kare Bayanan Jama'a ta 2023 ta ɗora wa mai riƙe da bayanan mutane alhakin kiyaye su.

Na huɗu, ka karanta sharuɗɗan masu bayarwa. Alal misali, a 2025 hukumar binciken lafiya ta Amurka, NIH, ta sanar cewa takardar da na'ura ta rubuta akasarinta ba za a ɗauke ta a matsayin aikin mai nema ba. Idan an tambaye ka ko ka yi amfani da na'ura, ka faɗi gaskiya. Kafin ka miƙa kuma, ka sa wani amintacce ya fassara maka takardar da Hausa layi-layi, domin ranar ganawa kai za a yi wa tambaya, zanen aro kuwa ba ya rufe katara.

Jama'a, kakanninmu da suka zauna a Agege suna fataucin goro da shanu tsakanin Ikko da Arewa, sun yi ta karɓar kayan mutane bisa amana, galibi ba tare da takarda ba. Sunan kirkin da suka bar mana shi ne jarinmu mafi girma. Idan mutum ɗaya ya miƙa takardar ƙarya, gobe masu bayarwa za su riƙa ɗari-ɗari da ta maƙwabcinsa mai gaskiya.

Allah ya sa albarka cikin nemanmu, ya kuma taimaki Nijeriya. Wassalamu alaikum.