Gani Ya Kori Ji: Hoto da Taswira a Darasin Labarin Ƙasa



Akasarinmu mun karanta labarin ƙasa a sakandare, mun kuma san yadda aka yi. Malam ya cika allo da rubutu, mu kwafa, mu haddace, mu juye a takardar jarrabawa. Mun iya faɗin cewa Kwara da Binuwai sun haɗu a Lakwaja, amma da za a miƙo mana taswira marar sunaye, da yawanmu sai mun yi lalube. Ga shi kuwa gobe mu ne za mu tsaya gaban allo.

Mu ɗauki Tafkin Chadi misali. A 1963 faɗinsa ya kai kimanin murabba'in kilomita 25,000. Bayan farin shekarun 1970 da na 1980, kusan kashi tara cikin goma na ruwan ya ja baya. Yaro zai haddace wannan, ya manta kafin mako. Amma a ajiye masa hotuna biyu na tauraron ɗan'adam Landsat, na 1973 da na 1987, shi da kansa zai tambaya: to, masuntan Baga fa, yaya suka yi? Wannan tambaya ita ce mafarin ilimi. Hotunan kuwa tun 2008 kyauta ake samunsu.

Sai dai a yi hattara, taswira ma takan ruɗi ido. A irin wadda Mercator ya zana a 1569 domin matuƙan jiragen ruwa, tsibirin Girinlan yakan fito kamar ya kai Afirka girma, alhali Afirka ta ninka shi kusan sau 14. Dalili shi ne duniya mulmulalliya ce, ba ta shimfiɗuwa a takarda sai an ja wani sashe. A ba yaro ɓawon lemo ya gwada shimfiɗa shi, nan take zai gane.

Kada mu fake da rashin kayan aiki. Ƙasa da ruwa ba su ƙare a filin makaranta ba. A tara laka a gina Dutsen Dala, a zagaye shi da zare hawa-hawa, yara su leƙo ta sama. Layukan tudu na taswira ke nan.

Saboda haka muna roƙon duk wanda zai fita gwajin koyarwa, kada ya shiga aji hannu rabbana. Ko taswira ɗaya ce, ya riƙa.