Abin Da Muka Koyo A Maraɗi



An tambaye mu dalilin da ya sa ƙungiyar 'yan sa-kai, wadda aikinta koyar da manya karatu a ƙauyuka, ta kashe kuɗin aljihunta ta tafi Maraɗi kwana biyu. Ga amsarmu.

Kafin tafiyar, ƙungiyarmu ta kusa wargajewa. Masu zaƙin Turanci su ke yanke shawara, sauran kuwa sai ɗaukar allo da alli. Muka ga in ba a gyara ba, azuzuwanmu za su mutu.

Ranar Jumma'a muka bi ta Katsina da Jibiya, muka shiga Nijar ta Ɗan Isa. Daga nan Turancinmu ya daina amfani. A kasuwa da dala ake lissafi, wato sefa 5, saboda haka dala ashirin ita ce sefa 100. Waɗanda muke rainawa, 'ya'yan ƙauye masu Hausa tsantsa, su suka yi mana ciniki, su suka nema mana masauki. Su ne kuma suka bayyana mana cewa sarautar garin ta zuriyar sarakunan Katsina ce da suka yi ƙaura bayan jihadi ya ci birninsu a 1807, shi ya sa ake cewa Sarkin Katsinan Maraɗi.

Ranar Lahadi muka dawo da doka guda: daga yanzu da Hausa za mu riƙa taronmu, kuma kowa sai an ji ta bakinsa. Ku da za ku riƙe ofisoshi gobe, muna roƙonku ku gwada haka.