Fitilar da Ke Kunne a Gaban Direba: Lacca ga Hausawan Fatakwal da Anaca da Inugu

 

Duk wanda ke wannan zaure ya san tsawon hanyar gida. Ko an bi ta Obollo-Afor da Makurɗi, ko ta Lakwaja, kafin a ga Kano ko Sakkwato an wuni, wani lokaci har a kwana. Da yawa daga motocin da ke ɗaukar iyalanmu a wannan tafiya akwai fitilar gargaɗi a kunne a gaban direba, in ka tambaya ya ce, "Haka na saye ta, ba ta hana ta tafiya." A kan wannan fitila zan yi magana.

Tun 1996 dokar Amurka ta wajabta wa motocin da ake sayarwa can tsarin binciken kai da ake kira OBD-II, Turai ta bi sahu a 2001 ga motocin fetur. Shi ya sa kusan kowace tokumbo tana da wata kafa mai ramuka 16 a ƙarƙashin sitiyari. In an jona na'urar bincike, wato sikana, sai harafi ɗaya da lambobi huɗu su fito. P na inji da giya ne, C na birki da ƙafafu, B na gangar jiki har da jakar iska, U kuma na sadarwa tsakanin kwamfutocin motar. In sifili ya biyo harafin, ma'anar ɗaya ce a Toyota da Honda da Peugeot. In 1 ne, sai an duba littafin kamfanin.

Lamba tamkar koken marar lafiya ce: yana nuna inda ke ciwo, likita ne ke gano cutar. P0301 na nufin silinda ta ɗaya ba ta ƙona mai daidai, amma laifin na iya zama na filogi, ko kwayil, ko nozul. P0171 na nufin iska ta rinjayi mai. Mutum ya ruga Ikoku a Fatakwal, ko Mgbuka Obosi, ko Coal Camp a Inugu, ya sayo sansa mai tsada, alhali wata 'yar roba ce ta tsage tana zuƙar iska. Bakanike na ƙwarai yana gwaji kafin ya aike ka kasuwa. Goge lamba da sikana kuwa ba gyara ba ne, fitilar za ta dawo. In kuma fitilar inji ta fara ƙiftawa, a rage gudu a nemi wurin tsayawa, don ɗanyen mai na ƙona indomin salansa.

Wadda ta fi damuna ita ce fitilar jakar iska, mai rubutun SRS ko hoton mutum da ƙwallo a gabansa. Ka murɗa makulli ka zuba mata ido. Lafiyayya takan kama na kamar daƙiƙa 6, sannan ta mutu. In ta tsaya a kunne, kwamfutar ta ga matsala, kuma jakar na iya ƙin buɗewa ranar haɗari. In ba ta kama ba sam, wannan ya fi muni, domin sau da yawa an cire ƙwan ne ko an liƙe shi da baƙin salatif. Motoci da dama sun yi haɗari a waje kafin a yi gwanjonsu. Akwai masu gyaran da ke ɗinke murfin sitiyari ba jaka a ciki, su maƙala ɗan rizisto don kwamfuta ta zaci komai lafiya. Wannan ha'inci ne, kuma wasa da rayukan mutane ne.

Galibi musabbabin tsayawar fitilar a kunne ƙarami ne: wayar da ke naɗe a cikin sitiyari ta tsinke, shi ya sa hon ma kan daina aiki tare da ita, ko rawayan soket da ke ƙarƙashin kujera ya saki saboda tura kaya, ko batir ya yi sanyi. Ruwa ma na kashe kwamfutar jakar, don a daɓen mota take. Waɗanda suka ga ambaliyar 2022 a Ogbaru, kusa da Anaca, su yi hattara da motar da ta sha ruwa. Ƙaramar sikana mai araha inji kawai take karantawa, a nemi mai karanta lambobin B. Kada kuma mai wayarin ya taɓa rawayan wayoyi bai cire batir ya dakata ba.

Akwai haɗarin da fitila ba ta nunawa. Kamfanin Takata na Japan ya yi jakunkuna da sinadarin da zafi da laima ke lalatawa, sai tukunyarsa ta fashe ta watsa wa direba ƙarfe. A Amurka kaɗai an janye jakunkuna kusan miliyan 67, kamfanin ya karye a 2017. Kun san laimar Fatakwal, kun kuma san yawan tsofaffin Honda da Toyota a tashoshinmu. Lambar shasi mai haruffa da lambobi 17 tana gindin gilashin gaba. A sa yaro mai waya ya duba ta a shafin hukumar NHTSA ta Amurka don a ga ko jakar motar na cikin waɗanda aka janye, kyauta ne.

Mukan ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa, haka ne, amma addininmu ya hore mu da yin sababi. Jakar iska ba ta maye gurbin bel, tare aka yi su su yi aiki, kuma ƙananan yara kujerar baya ce tasu.

Roƙona ga shugabanni shi ne, kowace ƙungiyar direbobi ta haɗa kuɗi ta sayi sikana mai kyau, ta tura matasa biyu su koyi aikin, a riƙa duba mota kafin a saya da kafin lodin Sallah. Mai saye kuma ya biya kuɗin gyara, kada ya biya kuɗin kashe fitila.

Allah Ya kiyaye hanya, Ya kai kowa gida lafiya.